Ramar da Inna Ta Kai Gaban Bagade

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Saratu, ɗiyar Inna mai masa ta unguwar Nasarawa. Kun san ni, ni ce nake tsayawa kusa da mai ganga cikin mawaƙa. Na rubuto abin da zan faɗa a takarda ne, domin na taɓa tsayawa a nan ba takarda, bakina ya faɗi abin da ba shi ba ne.

Kowa a majami'ar nan ya ɗauka ban san abin da ke cikin gwangwanin nan da Inna ta kawo gaban bagade ba. Wai ni yarinya ce mai ladabi, yayana Bitrus ne ya cuce ni, ya ba ni tabar wiwi ya ce mini rama ce. Haka kuka ji, haka kuka faɗa wa juna, har wasunku suka kawo mini lemo da sabulu don jaje. To ba haka ba ne. Na san ko mece ce. Ni na yanko ta da hannuna, ni na dasa ta, kuma sha nake yi. Bitrus hana ni ya yi. Yau wata bakwai ke nan bai shiga gidan uwarsa ba saboda ƙaryata.

Don Allah, iyaye mata, kada a fara cewa ayya. Ku bari in gama.

Shekara biyu ke nan da na gama sakandare. Sakamako ya fito, na faɗi Turanci, na faɗi lissafi. Abu ɗaya na ci da kyau, ilimin noma. Ƙawayena suka tattara suka tafi Sakkwato, wata makarantar jinya, wata ta malamai, ni kuwa na zauna ina juya wa Inna masa a bakin titi, tsofaffin malamaina suna wucewa suna gaishe ni. Barci ya ƙaurace mini. Kaina kamar ana daka a ciki. Kowa ya yi mini magana sai faɗa. Da Inna ta gaji sai ta ce in tafi Argungu wajen Yaya Bitrus in kwana biyu, ko na huce.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bitrus shi ne babba a ɗakinmu, mu biyu ne tun da Baba ya rasu. Yana kula da injin ban ruwa na wani alhaji a fadama, yana kwana a bukka tsakanin albasa da shinkafa. A bayan bukkar, cikin ciyawa, na ga wasu tsirrai dogaye. Ban tambaya ba, don an taɓa nuna mana hotonsu a makaranta. Da yamma ya kashe inji, ya zauna a kan buhu ya naɗa abinsa.

Na ce, "Yaya, ba ni in gwada."

Ya ce, "Ki gwada mi?"

"Abin da ke hannunka. Ai ba makauniya ba ce ni."

Ya yi dariya, ya ce, "Ke Saratu, wanga ba abincin 'yan boko ba na. Tashi ki duba tukunya, kihi na ƙonewa."

Na sake roƙo, ya ɗaure fuska. Ya ce in ya ƙara jin maganar nan a bakina, da kansa zai sa ni a mota. Ku riƙe wannan, domin shi ne gaskiyar da na ɓoye muku. Bai ba ni ba.

Washegari da ya tafi wajen inji, na laluba jinkar bukka na sami gwangwanin da yake ajiye busasshiyar. Na ɗiba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba, na tashi na ce ashe magani ne. Haka Shaiɗan ya shigo mini, da barci.

Na dawo Birnin Kebbi da ƙulli a bakin zane. Ba wanda ya zarge ni. Wa zai zargi mace? Wa zai zargi mai rera waƙa a gaban bagade? In idona ya yi ja, a ce hayaƙin masa ne. Da ƙullin ya ƙare sai na ce zan je in yi wa Yaya wanki. Na koma, na sake komawa. Har Mama Fasto ta yi misali da ni a zumuntar mata, ta ce a dubi yadda Saratu take kula da ɗan'uwanta. Sata nake zuwa yi!

Bitrus ba wawa ba ne. Yana ganin gwangwaninsa yana ramewa. Cikin tsakiyar damina, lokacin da gulbi ya fara tasowa, na je na tarar ya canja wurin ajiya. Ya tsare ni a bakin bukka.

Ya ce, "Dubi idonki. Dubi wuyanki yadda ya koma. Ni na riga na lalace, ke mi ya kai ki?"

Na ce masa ya rufe mini baki, shi wane ne da zai yi mini wa'azi.

Ya nuna tsirran da baki. Ruwa ya riga ya kewaye gindinsu. Ya ce, "Kwana uku gulbi zai cinye su, kuma na gode Allah. In ruwa ya janye, ba ni sake shukawa inda kika sani. Kada ki ƙara zuwa nan."

Hankalina ya tashi. Namiji in ya rasa, zai zaga bayan tasha ya samo. Ni in na tsaya a bayan tasha na minti ɗaya, kafin in iso gida Inna ta ji. Ina zaune sai na tuna gonar makaranta. An koya mana yadda ake yanko reshe a dasa ya zama uwa. A ajinmu duka, nawa ne ba ya mutuwa, malamin noma yakan ce ina da hannu. Furannin da kuke gani a gwangwanaye a gaban bagaden nan, duk daga reshe na tashe su. Baiwa ce Allah ya ba ni, ita kaɗai ce ma abin da na iya. Ita na ɗauka na miƙa wa Shaiɗan.

Na jira ya tafi janye inji zuwa tudu. Na ɗauki rezarsa ta aski, na shiga ruwa har gwiwa, ina jin abubuwa suna taɓa ƙafata ban damu ba. Na yanko rassa iya abin da hannuna ya kai. Na jiƙa ɗankwalina na naɗe su, na sa a ƙasan kwando, na zuba albasa a kai, na ɗora littafin waƙoƙina a sama. Ban yi masa sallama ba.

Kun san yadda hanya take yanzu, kun kuma san abin da ake yi wa wanda aka kama da wiwi. Mun wuce Zauro, muna gab da Gwadangaji, sojoji suka tsayar da motarmu. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani dogo ya zo kaina ya taɓa kwandon da takalmi.

"Mene ne a ciki?"

Na ce albasa ce.

Ya sunkuya zai tona, sai ya ga littafin. Ya ɗaga shi, ya duba, ya mayar da hannu biyu. Ya ce, "A'a, ashe 'yar'uwa ce. Wuce. Ki riƙa sa mu a addu'a."

Na ce, "Amin, Ubangiji ya tsare."

'Yan'uwa, da sunan Yesu na wuce da ita! Kuma a cikin motar har godiya na yi masa.

A gida na jera gwangwanayen madara a bakin tagar ɗakina. Ɗakin ba haske sosai, rassan suka fara langaɓewa ɗaya bayan ɗaya. Kullum na tashi sai in tarar wani ya baƙanta. Na durƙusa a gabansu na yi addu'a su kama. I, addu'a. Ban taɓa yi wa sakamakon jarrabawata addu'a da hawaye irin wanda na yi wa rassan nan ba. Uku suka rayu.

Inna, kun sani, yanar ido ta fara rufe mata gani, tana ganin abu dishi-dishi. Ta shigo shara wata safiya, ta tsaya a gaban taga, ta shafa ganyen.

Ta ce, "Ke, wanga ba fure ba na. Kamar rama."

Ita ta ba ni ƙaryar, ni kuma na cafe. Na ce, "Rama ce, Inna. Sabon iri ne na gwamnati, irin wanda aka koya mana a makaranta."

"To mi ya sa ba ta da ƙaya? Kuma warinta daban."

"Haka irin gwamnati yake."

"Rama cikin ɗaka kamar amarya?"

Na ce rana mai zafi tana kashe ta, kuma ba a taɓa ganyenta sai ta yi iri. Inna ta yarda. Me zai hana ta yarda? Shekarun nan ta ga an kawo sabon irin shinkafa, ta ga an kawo taki a buhu, kuma ita ba ta yi boko ba, ɗiyarta ce ta yi. Daga ranar, in na fita, ita take ba su ruwa. Takan ce musu, "Ku girma, mu ci kwaɗo." Ni kuwa ina bi a ɓoye ina tsinke ganyen tun bai isa ba, ina shanyawa a ƙarƙashin katifa.

Kada ku ce ban yi ƙoƙarin dainawa ba. Na yi. Wata ranar Litinin bayan na zagi Inna a gaban masu sayen masa, don kawai ta ce in miƙo mata mai, na shiga ɗaki na tumɓuke ɗaya na jefar bayan gida. Na ce shi ke nan, na gama. Kafin azahar ina durƙushe a cikin shara ina nemanta. Na same ta ta yi laushi, na mayar da ita gwangwani ina kuka ina ba ta haƙuri. Tsiro nake ba haƙuri, uwata ban ba ta ba. Na yi azumi. Na yi alkawari a ranar jibin Ubangiji. Ba wanda ya kai kwana uku. A nan na gane ba ni nake riƙe da ita a ɗaki ba, ita take riƙe da ni.

Sai ranar godiyar kaka ta zo.

Kun san al'adarmu. Kowane gida yakan taso da abin da hannunsa ya noma, a yi layi ana rawa har gaban bagade. Mu ba mu da gona. Kowace shekara Inna takan sayi dawa a kasuwa ta zuba a kwarya, kuma kowace shekara takan ce mini a hanya, "Na kai wa Allah noman wani." Abin yana cin ta, ni ban taɓa kula ba.

Ranar na riga ta fitowa saboda gwajin waƙa. Aka fara kiɗa, gidaje suna wucewa da dammunan gero da buhunan shinkafa. Ina tafi ina waƙa. Sai na hango Inna a cikin layi, da zanenta na zumunta, tana rawa irin wadda rabon da ta yi tun Baba yana da rai. A kanta ga gwangwanina mafi girma, ta naɗe shi da farin ƙyalle. Ganyen yana kaɗawa a saman kawunan mutane.

Waƙar ta mutu a bakina. Ƙafafuna suka ƙi motsi. Kun san addu'ar da na yi? Na ce, Ubangiji, ka makantar da su duka.

Baba Sajan ne yake karɓar kaya a gaba. Dattijo ne da ya yi yaƙi, ya ga abin da ya gani a bariki. Ya karɓi gwangwanin, ya tsaya. Ya murza ganye ɗaya ya kai hanci. Ya ce a hankali, "Inna, wa ya shuka wannan?"

Inna ta juyo ta fuskanci jama'a, ta ɗaga murya, "Ɗiyata Saratu! Ramar gwamnati ta. Bana daga gidana na kawo!"

Kuka yi guɗa. Kuka tafa mini. Wata daga baya ta ce, "Saratu, a yanko mana mu ma mu dasa!" Baba Sajan ya tura gwangwanin bayan buhuna, ƙarƙashin tebur.

Bayan sujada ya kira mu ɗakin baya, ni da Inna da Fasto. Ya rufe ƙofa. Ya faɗi sunan abin. Inna ta ce a sake faɗa mata, ba ta ji ba. Aka sake. Ta zauna a ƙasa, ba a kan benci ba, ta ce, "Ni na kai wa Allah wiwi? Da rawa?"

Baba Sajan ya juyo gare ni. "Yarinya, ina kika samo ta?"

Na ce, "Argungu. Wajen Yaya Bitrus."

Wannan gaskiya ce, amma rabinta. Kafin in ƙara wata kalma sai Inna ta ƙarasa mini. Ta ce, "Shi ya ce mata rama ta! Ya sa ƙanwarsa ta yi masa reno a ɗakina. Wayyo Bitrus, ka kashe ni!"

Baba Sajan bai ɗauke ido daga kaina ba. Ya ce, "Haka ne, Saratu?"

Ya ba ni hanya. Allah ya ba ni hanya a fili. Na dubi Inna a ƙasa, na dubi Fasto, na gyaɗa kai.

Baba Sajan ya ce zai zo da la'asar ya kwashe sauran biyun a ƙone. Yanzu ku ji abin da na yi, ku san irin ramin da nake ciki. Na bar Inna a hannun mata tana kuka, na ce zan je in ɗora ruwa. Na ruga gida. Na ɗauki reza na yanki reshe ɗaya daga ƙasa inda ba za a lura ba, na ɓoye shi a bayan randar makewayi. Hannuna yana yi, zuciyata tana cewa ke wace irin halitta ce, hannun bai tsaya ba. Aka ƙone uku a bayan majami'a ana waƙar nasara, ina cikin masu waƙar. Na huɗu yana gida yana jirana. Kuma ya kama. Ai na ce muku nawa ba ya mutuwa.

Lahadin da ta biyo baya aka ce in ba da shaida yadda Allah ya tsare ni daga makircin mugu. Na tsaya daidai inda nake tsaye yanzu, na bayar. Kuka ce Halleluya. Wannan ita ce shaidata ta farko, ku shafe ta.

Inna ta aika da direban motar Argungu ya gaya wa Bitrus kada ya ƙara taka gidanta. Duk da haka ranar jajibirin Kirsimeti ya zo, da rabin buhun shinkafa a kai da busasshen kifi a hannu. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta tare. Ta ce ya faɗa mata a gaban maƙwabta me ƙanwarsa ta yi masa da zai sa ta renon wiwi. Na ga lokacin da ya gane. Ya ɗago ya dube ni ta saman kafaɗar Inna. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Na jira ya faɗa. Ina ma so ya faɗa, don ni na kasa.

Sai ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Ya sauke buhun a bakin ƙofa. Ya ce mini, "Ƙanwata, kina cin abinci kuwa?" Ya juya ya tafi.

Mashayin da kuke ƙyama ya ɗauki laifina ya tafi da shi. Ni mai waƙa na shiga ciki na ci shinkafarsa.

Inna tana da wata ɗabi'a. Kowace safiya kafin ta ɗora tanda, takan durƙusa a tsakar gida ta yi addu'a da ƙarfi, tana kiran sunayenmu. Tun ina ƙarama haka nake ji, Bitrus tukuna, sannan Saratu. Bayan Kirsimeti sai ta daina kiran nasa. Amma bakinta ya saba. In ta zo wurin sai ta yi shiru kaɗan, kamar mai tsallake kwata, sannan ta ce Saratu. Kullum. Kullum ina jin shirun nan. Na toshe kunne da matashi, ina ji. Na ƙara yawan abin da nake sha, ina ji.

Wata safiya cikin watan biyu, rana ta riga ta fito, ina tsugune a bayan randa ina ba gwangwanin ruwa. Inna ta makara, sai a lokacin ta durƙusa. Katanga ce kawai tsakaninmu. Ta zo wurin, ta yi shirunta. Sannan ta ce, "Na gode maka don Saratu, da ka bar mini ɗaya mai tsabta."

Moɗar ta faɗi daga hannuna.

Ban yi addu'a mai kyau ba, ba irin wadda ake koya mana ba. Na kifa goshina a jikin randa na ce, "Yesu, na kasa. Na gwada na kasa. Gaskiya ma ba na so in daina. In na tumɓuke ta zan sake dasawa, ka sani, na sani. Ba ni da abin da zan ba ka. In kana so a yi wani abu, kai ka yi."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Sha'awar ma ba ta tafi ba. Abin da na sani shi ne na miƙe da gwangwanin a hannu, ƙafafun nan da suka ƙi motsi ranar godiyar kaka suka tafi da kansu. Ina tafiya ina cewa a raina, koma, koma. Ban koma ba. Ba ni ba ce, 'yan'uwa. Na san iyakar ƙarfina, na gaya muku shi. Ba ni ba ce!

Na dire shi a gaban Inna tana durƙushe. Na kama hannunta na ɗora a kan ganyen.

Ta shafa. Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Ta ce, "Ya sake kawowa?"

Na ce, "Bai taɓa kawowa ba. Ni na sato. Ya hana ni, na shiga ruwa na yanko. Wannan kuma na yanke ta ne ranar da kike kuka a majami'a. Sha nake yi, Inna. Shekara ɗaya da rabi."

Na ɗauka za ta yi ihu, ko ta mare ni. Na fi son ta mare ni. Ta daɗe tana kallon inda fuskata take. Sannan ta tashi ta shiga madafa, ta sauko da tukunyar ruwan da ke tafasa, ta zo ta juye ta duka a kan gwangwanin. Ganyen ya kwanta nan take. Ta ce, "Wanga ko hannunki ba ya tashe shi." Ta ɗauki tandarta ta fita.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Amma ita ta kira Baba Sajan. Da ya zo ya ce, "Na sani tun a ɗakin baya. Ina jiran ki ne." Shi ya ɗaga katifata ya kwashe abin da ke ƙasa. Shi ya gaya wa Inna abin da zai biyo baya, don ya ga irinsa a bariki, kuma duk ya biyo. Ba barci, ba cin abinci, gumi, faɗa. Na fasa kwanon Inna na tangaran. Na zagi Baba Sajan, dattijo, na ce masa ya tafi ya mutu. Ya ce, "To, in na gama shan kunun nan." Mama Fasto tana zuwa da rana ta zauna a bakin ƙofata tana tsintar shinkafa tana waƙa. Ni ban yi wani abu ba cikin makonnin nan sai kwanciya da kuka. Ɗauke ni aka yi.

A safiya ta huɗu bayan na faɗa mata gaskiya, na ji Inna ta durƙusa. Ta ce, "Bitrus." Ta faɗa sau uku. Sannan ta yi shiru, shiru mai tsawo, har na ce shi ke nan, yanzu ni ce kwatar. Sai ta ce, "Da Saratu. Ka san ta. Ka riƙe ta."

Yau wata huɗu ban sha ba. Yabo ga Yesu! Ba zan ce muku sha'awar ta mutu ba. In na wuce inda ake ƙona ciyawa, wani lokaci bakina yakan kawo ruwa. Na mayar wa Mama Fasto aikin furanni, don har yanzu ba na son ganin reza a hannuna. Amma ina barci. Barcin da na je nema a jinkar bukka, Ubangiji ya ba ni shi kyauta.

Na gode wa Allah da ya bar idon Inna ya ruɗe ta, ta kai abin da nake ɓoyewa har gaban bagadensa da rawa. Na gode masa da bai amsa addu'ar da na yi ta makantar da ku ba. In akwai wani a nan da yake da nasa gwangwanin a bayan randa, ko wane iri ne, kada ka jira sai ka yi ƙarfi, ba za ka yi ba. Ni ban yi ba. Ka gaya wa Yesu yadda abin yake, ko da cewa za ka yi ba ka so. Ya ji tawa, kuma tawa ba ta da kyau.

Saura abu ɗaya. Inna ta aika da direba sau biyu a ce Bitrus ya dawo gida. Na farko bai ba da amsa ba. Na biyu ya ce a gaya wa Inna yana lafiya, a bar maganar yadda take, kada a ɓata sunan yarinya. Har yanzu ni yake karewa. Shi ya sa na ɓata sunan da kaina yau a gabanku, don kada ya rage masa abin da zai kare. Kuma ina roƙo, duk wanda ya taɓa zaginsa saboda ni, in ya gan shi ya gaishe shi.

Har yanzu yana sha, ban ɓoye muku ba. Na kuma san duk inda ya koma da bukkarsa, tsirran nan suna tsaye a bayanta, don gulbi bai taso ba tukuna. Ina tsoron warin. Ina tsoron hannuna. Baba Sajan ya ce zai raka ni, zai kuma riƙe mini jaka don kada in dawo da komai a ciki.

Ranar Asabar za mu shiga motar farko ta Argungu. Zan durƙusa a gaban yayana cikin laka in gaya masa na faɗa wa kowa. Ban san ko zai biyo ni ba. In ya ƙi, Asabar ta gaba zan koma. Inna ta ce in gaya masa ba ta taɓa kifin nan da ya kawo ba, yana rataye a madafa, ya zo a dafa.

Ku yi mana addu'a, cikin sunan Yesu. Amin.